Ɗan Goyon Umma

Litinin, 5 ga Mayu

Dasashin Umma ya warke tas. Na duba da safe kafin in fita, a kan kujerar falo, da fitilar waya, tunda ta ce ba za ta taka asibitina mutane su gan ta ba haƙori ba sai ranar da ya zama dole. Ciwon suga ya cinye na cinyewa, sauran da suka rage suna lilo ni na cire su da hannuna watannin baya. Ban so ba, amma haƙorin da ya fara rawa irin wannan ba ya komawa.

Bakin ba ya damuna, ita ce ke damuna. Tun da aka cire ta daina cin abinci tare da mu, sai a kai mata ɗaki ta tura ƙofa. Maƙwabta in sun zo gaishe ta sai ta ce a ce tana barci. Matar da in ta yi dariya har mai shagon bakin layi yana jiyowa, yanzu magana ma ta bayan mayafi take yi. Ta rame. Zanenta ya fara zagaye ta fiye da da.

Gobe awon baki. Ban san yawan bakunan da na yi wa haƙoran roba ba, amma wannan ne kaɗai ya ba ni tsoro.

Talata, 6 ga Mayu

Ta zo, a lulluɓe kamar wadda ta yi wa wani laifi. Na shigar da ita ta ƙofar baya.

Na cusa mata tiren ƙullun da ke ɗaukar siffar baki, ba ko tari, har ta fi wasu maza jarumta. Da na zare tiren ta goge baki ta ce, "Wannan abin kika yi shekaru kina karantawa? Kwaɓa ƙullu?" Na ji daɗi. Rabon da ta tsokane ni har na manta.

Na kai wa Malam Layi awon, shi ne mai haɗa mana haƙora a ɗakin baya. Sunan ni na sa masa ya bi shi, don komai nasa a jere yake: wuƙaƙen kaki a jere, burushi a jere, takalmansa ma in ya cire sai ya daidaita hancinsu. Hannunsa ba na biyunsa. Matsalarsa ɗaya, yana ganin karkata cuta ce. Na haɗa masa da tsohon farantin robar Umma, mai haƙoran gaba huɗu, wanda ta sa tun ban yi wayo ba. Sai da na fara karatun nan na gane ba nata ba ne, ita kuwa ba ta taɓa faɗa ba, kuma ba na jin Baba ma ya taɓa ganin ta babu shi a baki har ya rasu. Na ce ya bi tsayinsu da faɗinsu. Su na sani a bakinta, su ne Umma a wurina.

Alhamis, 8 ga Mayu

Rana mai daɗi. Wani direban babbar mota ya zo zaɓen launi. Na miƙa masa jerin launukan, ya tsallake duka ya ɗora yatsa a kan na ƙarshe, farin nan mai kama da tangaran. Na ce, Malam, mai shekarunka da ya sha shayi a tashoshi ba ya da irin wannan. Ya ce ai shi ya sa yake so. Na kai shi bakin taga, na kanga masa farin a gefen leɓe, na ba shi madubi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, wannan ai ko da rana sai a ce ban kashe fitilar mota ba." Muka sauka hawa uku a jerin launukan.

Abin da nake so a aikin nan ke nan. Kowa na iya jera haƙora farare. Gwaninta ita ce a yi su yadda ba wanda zai ce an yi. Fiƙa ta fi na gaba duhu kaɗan. Bakin haƙorin tsoho a goge yake, ba zagaye kamar na yaro ba. Dasashin roba da ake kawo mana jajir yake, namu kuwa da duhu-duhu, sai an rina. Kuma dole wani ya ɗan juya, wani ya ɗan noƙe, don bakin mutum ba layin sojoji ba ne. In mara lafiya ya dawo ya ce kowa na yaba haƙoransa, na san na faɗi. In ya ce ana ta ce masa ya yi ƙiba, ko ya huta, to na ci.

Duk wannan wa'azin daga bayan takunkumi nake yin sa. Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro takunkumin likitoci. Ni da nake koya wa mutane son karkata, nawa haƙorin na hagu da ya hau kan na gaba ban taɓa sonsa ba. Umma tana kiransa ɗan goyo. A makaranta Mai Bene suke ce min. Tun daga lokacin hannuna ya koyi tashi da kansa in dariya ta zo.

Mai Waya, abokiyar aikina da ke miƙar da haƙora da wayar ƙarfe, ta sake tare ni a baranda. Ta ce wanzami ba ya son jarfa, shekara nawa tana bi na. Na ce to, ta sa min rana ƙarshen watan gobe. Wannan karon da gaske.

Asabar, 10 ga Mayu

Auta, ƙaramar 'yata da ke famfara, ta tambayi Umma ko ita ma haƙoranta za su sake fitowa kamar nata. Na ji ƙarar dariya kaɗan ta cikin mayafi, sai kuma shiru.

Laraba, 14 ga Mayu

An gwada wa Umma kakin da za a jera haƙoran a kai, na ɗauki awon cizo da tsakiyar fuska. Leɓenta na sama da ya faɗa ciki ya taso, nan take shekaru suka ragu a fuskar. Ita ba ta ko kalli madubi ba.

Da yamma na sauko da jakar hotuna. Kullum nakan ce wa marasa lafiya su kawo min tsohon hoto da suke dariya a ciki, to ni ma bari in bi dokata. Na zazzage su a kan gado. Umma a tsaye kusa da tukunyar fure. Umma a zaune, Baba a tsaye, hannunsa a kan kujera. Umma da ni a cinya. Duka baki a tsuke, ido a zare, kamar mai hoton ya ce duk wanda ya motsa zai harbe shi. Mutanen da ba sa yini ba su yi dariya ba, amma ko hoto ɗaya.

Baban yara ya leƙo ya ce, "Lokacinsu hoto abin girmamawa ne, ba a yi masa wasa." Na ce to ga shi girmamawar ta bar ni ba madogara.

Ba komai. Ina da farantin.

Talata, 20 ga Mayu

Gwaji na farko, haƙoran suna kan kaki tukuna, ana iya matsar da su. Malam Layi ya kawo su a kan tafin hannu kamar mai kawo ƙwai. Gaskiya sun yi. Launi daidai, tsayi daidai da farantin, cizo ya zauna ɗas. Na sa mata, na sa ta ƙirga daga sittin zuwa saba'in don in ji ko "s" ɗin na fita da fito. Ba fito. Na miƙa madubi ina jin kaina.

Ta kalla. Ta ɗan ɗaga leɓe. Ta ce, "Sun yi kyau."

Har na fara murmushi a bayan takunkumi, sai ta ƙara, "Na wace ce?"

Na ce naki ne mana, Umma, irin na farantinki ne sak. Ta ce haka ne, Allah ya yi albarka. Ta cire da kanta ta ajiye a tire, ta ja mayafi.

Malam Layi ya bi ni da ido. Na ce masa tsufa ne, za ta saba.

Laraba, 21 ga Mayu

Na kwana da haushi, na tashi da shi. Na wace ce! Na tambaye ta a gida me ya rage, sun yi tsawo ne, sun yi fari ne, suna matsa ta ne. A'a, a'a, a'a. To mene ne? "Ba komai, 'yar nan, aikinki ya yi." In Umma ta ce ba komai da wannan muryar, to akwai komai, amma ko da ƙugiya ba za ka zaro shi ba.

Na san wannan ciwon a wurin wasu. Mutum ya karɓi haƙora ya yi godiya, ya je gida ya jefa a kofi, su shekara a ruwa. Na sha gani. Ba zan iya ganin na uwata a kofi ba, ita kuma tana ɗaki tana shan romo ita kaɗai.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na zauna da kaina a teburin Malam Layi, yana tsaye a kaina kamar na shiga gonarsa. Na goge bakin na gaba, na sauko da launin fiƙa, na ɗan noƙe na ƙasa guda biyu. Ya ce, "Likita, kina ɓata min aiki da gangan." Na ce eh, sana'ar ke nan.

Na kai mata gida da yamma. Ta sa, ta kalla, ta ce wannan ya fi. Ta cire.

Ba ta sake cewa na wace ce ba. Ban san ko ci gaba ne ko ta haƙura da ni ba ne.

Lahadi, 25 ga Mayu

Kawu ya zo, ƙanen Umma, da hayaniyarsa da ledar lemo. Shi kaɗai ne ba ta iya cewa a ce masa tana barci, don zai shiga ya tashe ta. Sun daɗe a ɗaki, muryarsa kaɗai ake ji. Da ya fito ya same ni a falo da hotunan nan a gabana, na sake zazzage su ko na tsallake wani.

Ya ce me nake nema. Na gaya masa. Ya ɗauki ɗaya ya nisanta shi da ido, ya ce wannan ranar ma shi ya raka su, kuma Yaya dariya take ta yi har mai hoton ya yi fushi, da ƙyar ta haɗiye. Sai ya kwaikwayi fuskar mai hoton. Dariya ta ƙwace min, hannuna ya tashi.

Ya ce, "Sauke."

Na ce me?

"Sauke hannun nan, Likita. Yi min irin ta ɗazu."

Na sauke, ina jin kunya kamar yarinya. Ya matso ya leƙa bakina, shi da ba likita ba. Ya tafa hannu. Abin da ya faɗa, yadda nake iya tunawa: "Kina ta wahalar da hotuna, ga hoton a bakinki kina rufe shi da hannu. Wannan ai na Yaya ne. Nan gefen, haka ya hau, ko karkatar ba ta canza ba. Ɗan goyo ai sunan nata ne tun muna yara, ke gado kika yi har sunan."

Na ce ba ta taɓa faɗa min ba. Ya ce, "Wa zai faɗa miki? Ke da in an ambaci haƙorin nan sai ki yini ba ki ci abinci ba." Na tambaye shi yadda aka yi ta rasa shi. Ya ɓare lemo, ya ce wannan ba labarinsa ba ne, in tambayi mai shi.

Farantin da na ɗauka shi ne Umma, ashe aikin wani baƙo ne da ya jera mata huɗu a miƙe ya sallame ta. Ni kuma na zo na kwafi baƙon, har da awo.

Litinin, 26 ga Mayu

Na rufe ƙofar ofis na tsaya gaban madubi, ba takunkumi. Na dube shi yadda zan dubi na mara lafiya. Na biyu daga tsakiya, hagu, ya juya kaɗan, kafaɗarsa a kan na gaba. Lafiyarsa ƙalau, dasashinsa ƙalau. Da a bakin wata na gan shi da na ce kada ta kuskura ta taɓa.

Ban tambayi Umma ba. In na tambaya za ta ce ba komai.

Talata, 27 ga Mayu

Yau na hau kujerar da nake ɗora marasa lafiya. Ban taɓa sanin fitilar nan tana shiga ido haka ba, kuma silin ɗin yana da tsaga, dole a gyara. Na kwaɓa ƙullun da kaina na cusa wa kaina. Ashe haka yake da sanyi, ashe haka yake gangarawa maƙogwaro. Na yi ta yunƙurin amai, hawaye shaɓe-shaɓe. Duk waɗanda na ce wa "numfasa ta hanci kawai, ba wani abu ba ne", Allah ya ba su haƙuri.

Na kai wa Malam Layi. Da ya zuba ya fito da siffar, ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan mara lafiyar tana buƙatar waya." Na ce na sani, an gaya mata. Ya dube ni, ya dubi siffar, ya sake dubana, sai ya ce, "Au." Shekara da shekaru muna aiki tare bai taɓa ganin haƙorana ba.

Na ce ya ɗaga na hagun Umma ya ɗora shi kamar wannan. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ɗora haƙori a kan haƙori da saninsa ba, in wani ya gani zai ce bai iya aiki ba. Na ce in an tambaya zan ce ni ce. Ya ce abinci zai riƙa maƙalewa. Na ce cike bayan da roba yadda ba rami, daga gaba kawai za a ga hawan. Na ga abin ya fara ba shi sha'awa duk da bakinsa bai yarda ba. Da zan fita na ji yana ce wa kakin, "Allah ya gani ba ni na so ba."

Alhamis, 29 ga Mayu

Ya kira ni sau uku in zo in gani. Na farko ya ɗora shi da kunya, kamar mai neman izini. Na ce ƙara. Na biyu ya wuce gona da iri don ya huce haushi, ya zama kamar haure. Na uku ya yi. Na ajiye siffata kusa da ta Umma a kan tebur.

Tsoro nake ji. In Kawu ya yi ƙari fa, shi da ba ya ba da labari ba gishiri? In ta gani ta ce ina mata ba'a?

Talata, 3 ga Yuni

Ban gaya mata komai ba. Na ce gwaji ne kawai, na ƙarshe, in bai yi ba mu huta. Ta zauna da fuskar nan ta mai haƙuri da 'yarta. Na sa mata. Kafin in kai ga madubi na ga harshenta ya tafi can, hagu, ya tsaya. Ya sake shafawa. Idonta ya taso ya same ni.

Ta karɓi madubin da kanta. Ta ɗaga leɓe. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, ba da ni take ba, "Kai ne? Ina ka shiga?"

Ta yi dariya. Ta gaske, mai ƙara, har Malam Layi ya leƙo da wuƙar kaki a hannu. Tana dariya hawaye na zuba, haƙoran na sama suka nemi faɗowa don kaki ne, na tare da yatsa, abin ya ƙara ba ta dariya.

Da ta lafa na ce, Umma, me ya sa ba ki faɗa min ba tun farko, kin bar ni ina ta lalube? Ta ce, "Ke da kike rufe naki da hannu, ta yaya zan ce ki yi min irinsa?"

Na juya ina gyara kayan da ba su buƙatar gyara.

Na ce to na farantin fa, shekara nawa kina sa su ba ki yi ƙorafi ba. Ta ce wancan bai san ta ba, abin da ya ba ta ta karɓa. "Amma a ce 'yata ce ta yi min baki, kuma in duba in ga baƙuwa, shi ne na kasa."

A mota na tambaye ta yadda ya fita. Ta faɗa kamar tana ba da labarin tsadar albasa. Wai gidan da suka fara zama akwai matakala, an yi ruwa, ta sauko da bokiti santsi ya kwashe ta. Baya za ta faɗi, sai ta tuna ina goye a bayanta, ta wurga kanta gaba. Bakinta ya sami bakin matakalar. Huɗu suka tafi. Ta ce ni ko farkawa ban yi ba, barcina nake har da minshari.

"Goyo ɗaya ya tafi, ɗaya ya tsira," in ji ta. "Da kika yi famfara kuma sai ga shi ya fito a bakinki. Na ce ashe ba nisa ya yi ba."

Na tsaya a gefen titi na ce wani abu ya shiga min ido. Ta ce in yi a hankali, masu babur ba su da kirki.

Laraba, 4 ga Yuni

An tura haƙoran a dafa, roba ta maye gurbin kaki. Malam Layi ya ce kada in gaya wa kowa shi ya yi. Bayan azahar na same shi yana ɗaukar su hoto da wayarsa.

Talata, 10 ga Yuni

Sun fito. Rinin dasashin ya yi kyau ƙwarai, duhun ya bi inda ya kamata. Na sa mata, na duba cizo, na rage wuri ɗaya a ƙasa. Ta fita ta ƙofar gaba. Ta tsaya ta gaishe da mai karɓar baƙi, har tana tambayar ta yara.

Na yi mata karatun da nake yi wa kowa: a fara da mai laushi, a tauna ta gefe biyu, a cire da dare a sa a ruwa, kada a wanke da ruwan zafi. Ta ce, "To, Likita." Da gatse, amma na karɓa.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na ƙasa ya ji mata ciwo a gefen harshe, na goge. Tana cewa "shayi" kamar bakinta da ruwa, Auta na bin ta tana sa ta maimaitawa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle sababbin maƙwabta. Za su shirya.

Asabar, 14 ga Yuni

Ana zuba abincin rana sai ga ta ta fito da kofinta ta ja kujera, kamar jiya ta tashi daga wurin. Ba wanda ya ce komai, na riga na harare su duka. Ta ci dankali da kifi, a hankali, tana taunawa gefe biyu kamar yadda aka ce. Ta ce gishiri bai ji ba. Baban yara ya ce alhamdu lillahi, an dawo da mai duba aiki.

Da la'asar maƙwabciyarmu ta shigo, suka zauna a baranda. Ina jiyo ta tana cewa, "Umma, kin yi kyau, kin murmure, hutun nan ya karɓe ki." Ko kalma ɗaya a kan haƙora. Na shiga kicin na yi rawa ni kaɗai.

Lahadi, 22 ga Yuni

Kawu ya dawo ganin aiki. Ya tsaya a ƙofa ya ce Yaya ta yi masa murmushi. Ta ce ba ta yi, shi wa. Ya kwaikwayi mai hoton nan, ta fashe. Ya dafe ƙirji ya ce, "Wallahi ita ce. Har na ji tsoron za ta aike ni ɗebo ruwa."

Ya ce sai an yi hoto, tunda zuri'ar nan ba ta da ko hoto ɗaya da haƙora suka fito a ciki. Ina fitowa da tiren shayi ya ce in tsaya kusa da ita. Ya faɗi wata magana a kan silin ɗin asibitina da ba zan rubuta ba. Ya ɗauka.

Ya turo min da yamma. Mu biyu, baki buɗe, nata a hagu nawa a hagu. Idona ɗaya a rufe, ɗankwalina ya zame. Ban yi kyau ba sam.

Litinin, 23 ga Yuni

Aiki da yawa. Direban nan ya dawo a rage masa gefe, ya ce matarsa ta ce ya yi ƙiba. Na kira mai gyaran silin.

Mai Waya ta tuna min ranar Alhamis ce za ta sa min wayar. Na ce makon nan ba zai yiwu ba, marasa lafiya sun taru. Ta ce to wani makon? Na ce zan duba in gaya mata. Ta tsaya tana kallona, ta ce yau ina takunkumin. Yana aljihu, zafi ake yi.

Hoton na sa shi a fuskar waya, saboda Umma ta fito da kyau a ciki. Auta ta ce ba ta taɓa ganin na yi dariya a hoto ba hannu ba. Na ce ai tire nake riƙe da shi.

Ta ƙara duba wayar ta ce, "Mama, tiren yana kan tebur."